Tsakanin Apache da Nginx, Wanne Ya Fi Dacewa?

Tambaya: Za mu ɗora manhajar rajistar ɗalibai da aka rubuta da harshen kwamfuta na PHP a intanet. Apache ya kamata mu ɗauka ko Nginx?

Amsa: Malam, dukansu manhajojin sabar ne, wato masu isar da shafukan intanet ga masu ziyara, kuma kyauta ne. Apache, wanda ya fito a 1995, ya fi sauƙi ga sabon shiga, domin yana ba ka damar sauya saituna ta fayil ɗin .htaccess ba tare da ka taɓa babban tsarin sabar ba. Rauninsa shi ne, a tsohon tsarinsa kowace ziyara tana cin nata kason na ƙwaƙwalwar na'ura, saboda haka ranar rufe rajista, idan ɗalibai suka yi ca a lokaci guda, ƙaramar sabar tana iya durƙushewa.

Igor Sysoev ya fitar da Nginx a 2004 domin magance irin wannan cunkoso, kuma yana ɗaukar dubban masu ziyara da ƙwaƙwalwa kaɗan. Sai dai ba ya karanta .htaccess, ba ya kuma gudanar da PHP da kansa, dole ka haɗa shi da PHP-FPM, wata manhaja daban mai gudanar da PHP. A ganina Nginx ya fi dacewa da ku, muddin kuna da wanda ya iya saita shi.