Amsa: ƙaramin madubin saiti yana nuna dishi-dishi

Malam, ka ce babbar na'urar hangen nesanka tana nuna tar, amma ƙaramin madubin saitin da ke kanta, wanda ake fara nemo abin kallo da shi, dishi-dishi. Bai lalace ba. In irin 6x30 ne ko 9x50 (lambobin ƙarfin kusantowa da faɗin gilashinsa), duba bayan gilashin gaba, akwai wani siririn zobe. Sassauta shi, ka riƙa murɗa kan gilashin a hankali kana leƙawa. Da rana za ka fara, da hasumiyar masallaci mai nisa, amma kada ka kuskura ka auna rana, makanta ce. Da dare ka gyara da tauraro har ya koma ɗan ɗigo, sannan ka ɗaure zoben. Sukurorin gefe kuwa na saita inda madubin ke kallo ne, ba na gyara dishi-dishi ba. Ni ma na taɓa ɓata dare guda ina murɗa su a banza.