Za mu ziyarci ƙananan majami'u a Ghana, me za mu roƙa musu?

TAMBAYA: Mama, ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Ni 'yar Methodist ce a Jalingo. Mu takwas aka zaɓa daga ikilisiyarmu, za mu je arewacin Ghana na mako biyu mu zaga ƙananan majami'un Methodist na ƙauye, mu yi musu addu'a. An ce wasunsu ba sa tara mutum ashirin ran Lahadi. Ban taɓa fita ƙasar waje ba. Me za mu riƙe musu, kuma wace addu'a ce ta dace? Daga 'yarki, wata 'yar zumuntar mata, Jalingo.

AMSA: 'Yata, ina amsawa, Allah ya kai ku lafiya. Na taɓa yin irin tafiyar nan, kuma na kwaso kunya a cikinta, shi ya sa zan fara da ita.

Wani ƙauye ne a wajen Tamale. Majami'ar ta laka ce, benci huɗu, ganga ɗaya, kwanon rufin ya yi tsatsa har rana na leƙowa ta ciki. Da aka ce baƙuwa daga Najeriya ta yi addu'a, na miƙe na buɗe murya: Allah ya ba su babban gini, ya cika shi da dubbai, ya ba su janareto da amsa-kuwwa. Na yi ta zubawa har tafinta ya gaji ya yi shiru. Da aka tashi, wata tsohuwa ta kama bakin zanina. Ta bakin tafinta ta ce ta gode, amma jikarta ta tafi Accra dako tun bayan girbi, babu labarinta. 'Yan mata uku ne suka tafi daga wannan 'yar majami'a. A can ana kiran masu wannan aiki kayayei, kuma "kaya" ɗin da kika ji a ciki namu ne na Hausa. Suna ɗaukar kayan mutane a ka cikin kasuwa, da yawansu kuma a bakin shaguna suke kwana. Abin da ke hana tsohuwar barci ke nan, ni kuwa ina can ina roƙa mata janareto. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka kafin ku buɗe baki, ku tambaya. Ku zauna da mai wa'azin wurin da dattawa da mata, kowa ya faɗi damuwarsa, ɗayanku ya rubuta sunaye a littafi. Addu'ar kuma a gajarta ta, jimla biyu a dakata wa tafinta. Kada ki ruɗu da Hausar da za ki ji a tasha da kasuwa da zango. Cikin ƙauye Dagbani za ki tarar a yankin Tamale, Frafra a Bolgatanga, Waale da Dagaare a wajen Wa. In kun gama, ku durƙusa su ma su yi muku. Kada ku tsallake wannan.

Ƙanƙantarsu kada ta sa ki ɗauke su jarirai. Methodist ta sauka Cape Coast tun 1835 ta hannun Joseph Dunwell, wanda bai cika wata shida ba ya rasu. Daga can ne ma Thomas Birch Freeman ya taso ya iso Badagry a 1842, farkon shigowar Methodist Najeriya ke nan. Ƙarfinta dai a kudancin Ghana yake. A arewa Musulmi ne suka fi yawa a Tamale, Katolika kuma sun kafu a Navrongo tun 1906, shi ya sa za ki ga majami'un nan tsilli-tsilli. Rabaran ɗaya yakan riƙe da yawa, yana bin su a kan babur, Jibin Ubangiji sai ranar da ya zo. Sauran Lahadin, mai wa'azi da ba a naɗa ba ne ke tsayawa, wataƙila manomi, wataƙila malamin firamare. Shi ne ya fi kowa bukatar addu'arku, shi ne kuma baƙi suka fi mantawa.

In za ku iya, ku nemi zama a taron aji na tsakiyar mako. Tsarin ya samo asali ne a Bristol ta Ingila a 1742, zamanin John Wesley wanda ya kafa Methodist, inda aka raba mutane kamar sha biyu-sha biyu, kowa na ba da kwabo a mako don biyan bashin gini, daga baya ya koma wurin tambayar juna lafiyar ruhu. A nan ake jin gaskiyar ikilisiya, fiye da ranar da aka share fili don baƙi.

Tsaraba kuwa, ku tambayi shugabannin Methodist na yankin tun kuna gida, kuɗi kuma ya bi ta hannunsu, a rubuce. Amma ki ja kunnen abokan tafiyarki a kan alkawari. A ƙauyen nan na wajen Tamale ɗaya daga cikinmu ya ɗaga kai ya ga rufin, zuciya ta ɗebe shi, ya ce zai aiko da kwano bandir biyu. Aka yi guɗa. Har yau bai aika ba, ni kuma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Za a yanka muku kaza ko zabo, ku ci, ƙin ci cin fuska ne. Tuwon da za a kawo suna ce masa tuo zaafi, kin ga ba baƙonki ba ne. Sai dai mutum takwas nauyi ne a kan gida ɗaya, ku shiga da shinkafarku da manku ku miƙa wa uwargida a ɓoye. Ku fara da gaida sarkin gari, da goro a hannu. Hoto kuma sai an ba ku izini.

Biza ba ta kama ku ba tunda ƙasar ECOWAS ce, amma ki riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ki canji sidi, kuɗin Ghana, kafin ku bar birni. In da hali ku kauce wa Agusta da Satumba, hanyoyin ƙauye sukan yanke.

Littafin sunayen nan kada ya kwana a jaka in kun dawo. Ki kai shi zumuntar mata, a raba, kowace mace ta ɗauki majami'a ɗaya, ki kuma karɓo lambar mai wa'azin don ku riƙa jin yadda ake ciki. Nawa yana nan cikin Littafi Mai Tsarki, wajen Zabura. Sunan jikar tsohuwar nan ne na farko a shafin.