Hulagu ne ya rushe daular Abbasiyawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Malamin tarihinmu ya ce Mongolawa ne suka rushe daular Abbasiyawa a 1258. Abin da ya ɗaure mini kai, yaya daula mai wannan girma za ta faɗi cikin 'yan kwanaki? Daga wani ɗalibi a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminku bai yi kuskure ba, ƙarshen labarin ya ba ku. Hulagu, jikan Janghis Khan, ya yi wa Bagadaza, babban birnin daular, ƙawanya a ƙarshen Janairun 1258, ba a yi mako biyu ba birnin ya faɗi, aka kashe Halifa Musta'asim. Amma abin da ya tarar sunan daula ne kawai ya rage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bango kuwa ya shekara ɗari huɗu yana tsagewa.

Ni daga 'ya'yan Halifa Haruna Rashid nake fara lissafi. Amin da Ma'amun sun yi yaƙin sarauta har aka kashe Amin a 813. Ƙaninsu Mu'utasim da ya hau, sai ya riƙa sayen bayi Turkawa yana mai da su dakarunsa. Suka addabi mutanen Bagadaza, shi ya sa ya ƙaura da dakarun zuwa garin Samarra a 836. A 861 waɗannan dakaru suka kashe Halifa Mutawakkil, daga nan su ke naɗawa su ke tuɓewa.

Inda mutane ba su cika dubawa ba shi ne baitulmali. Arzikin daular yana gonakin kudancin Iraƙi, masu shan ruwa ta magudanan kogunan Dijla da Furat. Tawayen Zanj, bayin da ake sa su kankare gishiri a fadamun Basra, ya ci shekara 14, daga 869 zuwa 883, ya ɗaiɗaita yankin. A 937 kuma kwamandan soja Ibn Ra'ik ya fasa babban magudanin Nahrawan don ya tare abokin gabarsa. Dubi wannan wauta! Haraji ya ragu, albashin soja ya gagara, sai aka koma ba kwamandoji ƙasa su karɓi harajinta da kansu, abin da ake kira iƙɗa'i. Wanda ya san gobe za a iya ƙwace masa ƙasar, ina ruwansa da yashe magudani?

Zuwa 929 halifofi uku ake da su a lokaci guda: na Bagadaza, na Faɗimiyawa 'yan Shi'a a Tunusiya, da Abdurrahman na Uku a Ƙurɗuba ta Andalus. Banu Buwaihi, wani gidan sarauta daga Farisa, suka shiga Bagadaza a 945, Turkawa Saljuƙawa a 1055, halifa ya zama sai addu'a a huɗuba da suna a kan kuɗi. Halifa Nasir (1180 zuwa 1225) ya ɗan farfaɗo da daular, amma ikonsa bai wuce Iraƙi da kewayenta ba.

Kada ka ɗauka ilimi ma ya mutu tare da mulki. A cikin wannan rauni Imam Gazali ya koyar a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza.

Mongolawan ma ana iya cin su da yaƙi. Shekara biyu bayan faɗuwar Bagadaza, Mamlukan Masar, bayi sojoji da suka karɓe mulkin ƙasar, ƙarƙashin Ƙuɗuz da Baibars suka fatattake su a Ainu Jalut, a Falasɗinu. Su Mamlukan suna da harajin Kogin Nilu da sojan da ake biya.