Mai ciwon daji da yake tarin jini, ya alwalarsa da sallarsa da azuminsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Mahaifina ne yake fama da ciwon daji na huhu, ana mai kemo (maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin daji), yanzu in yayi tari sai kaki ya fito da jini, wani lokaci ɗigo ɗigo wani lokaci har ya ɓata mai riga. Wlh Malam har ya fara barin sallah, wai shi kullum cikin najasa yake kuma alwalarsa bata tsayawa. Ga azumi na zuwa yace sai yayi. Meye hukuncinsa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya yasa kaffara ne, ke kuma Allah ya saka miki da wannan jinya.

Ki fara gaya masa yau ɗinnan cewa jinin nan baya karya alwala. A mazhabar Malikiyya da muke kai, haka ma wajen Shafi'iyya, jinin da ya fito ta baki ko hanci ko rauni baya cikin masu warware alwala, abinda ya fita ta gaba ko ta baya shine magana. Hanafiyya ne suke cewa in jini ya rinjayi yawu a sake alwala, toh su ma sun yiwa mai lalura sauƙi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar yayi sallar asuba bayan an soke shi alhali rauninsa na kwararar da jini. Kinga kenan babu inda Baba zai fake ya bar sallah, kuma gaskiya wannan barin sallar yafi tayar min da hankali akan jinin.

Maganar riga kuma, eh jini najasa ne, amma wanda bai kai faɗin dirhami ba anyi rangwame a kai, malamanmu suna kwatanta shi da ɗan zagayen nan dake ƙafar gaba ta alfadari. In yafi haka a wanke ko a canza in da hali, in kuma abin ya zama kullum kullum har canzawar ta zama wahala toh yayi sallarsa a haka ta inganta. Ya ajiye tishu kusa, in tarin yazo yana cikin sallah ya tofa ya ajiye gefe yaci gaba, kar ya haɗiye. In tsayuwa na tayar mai da tarin ya zauna, in zama ya gagara ya kwanta ta gefe, haka Annabi (SAW) ya umarci Imrana ɗan Husaini da bashi da lafiya. Sallolin da ya bari ya rama su a hankali gwargwadon ƙarfinsa.

Azumi: jinin da tari ya fito dashi baya karya azumi in ya tofar, sai in yazo baki yana iya tofarwa ya haɗiye da gangan. Amma ni a ganina bama nan gizo ke saƙa ba. Mutumin da ake wa kemo yana buƙatar ruwa da magani akan lokaci, kuma Allah ya bashi uzuri a Suratul Baƙara aya ta 184 da 185. In likitansa yace azumin zai cutar dashi sosai toh ajiyewa ya zama wajibi, dagewa a nan ba taƙawa bace. In ya samu sauƙi ya rama, in ciwon ba'a sa ran warkewa sai a ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya duk rana, wato cikin tafin hannu biyu, ba mudun kasuwa ba. Wajen Malikiyya mustahabbi ne, Shafi'iyya da Hanbaliyya sukace wajibi, in da hali kuyi kawai.

Sannan 'yar uwa kar ku zauna da jinin nan a gida kuna cewa ai dama ciwon ne, ko wani yazo yace sammu ne. Ƙarin dake huhu ne yake cin jijiyoyin jini, kemo ma tana rage ƙwayoyin da suke sa jini ya daskare, shi yasa dole likitansa ya sani ko ɗigo ne. Akwai maganin tsayar da jini, wani lokacin gashi da na'ura (radiotherapy) suke yi a wajen da ƙarin yake. Kar ku siyo mai asfirin ko ibuprofen ko diclofenac a kemis, suna ƙara zubar jini, jiƙe jiƙe ma a tambayi likita tukun. A duba shi tarin fuka shima, don shi ana ɗauka, daji kuwa ba'a ɗauka, kar a ware mai kwano saboda daji.

In kuwa jinin ya taho da yawa, ko da gudaji, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko da yana tsakiyar sallah ne ya yanke, ku kwantar dashi ta gefen huhun dake da ciwon, kar ku bashi ruwa ko abinci, ku nufi asibiti a take ko ƙarfe biyun dare ne.

Wallahu a'alam.