Na ga kuskuren rubutu a bayanan Requests, zan iya gyarawa da waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Python, kuma nakan karanta bayanan yadda ake amfani da Requests. Na ci karo da kalmomi biyu da aka rubuta ba daidai ba. Waya kawai gare ni. Ni da ban je ko'ina ba, za su karɓi gyarana? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Za su iya karɓa, kuma wayarka ta wadatar. Requests buɗaɗɗiyar manhaja ce ta Python, tana kan GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, bayananta kuwa suna cikin jakar docs, a fayilolin da sunansu ke ƙarewa da .rst. Buɗe asusu, ka nemo fayil ɗin a Chrome, ka taɓa alamar fensir. In ba ka gan ta ba, juya shafin zuwa tsarin kwamfuta. Da yake ba ka da izinin taɓa ainihin ma'ajiyar, GitHub zai yi maka naka kwafin. Ka gyara, ka faɗi abin da ka canza a layi ɗaya, sannan ka tura buƙatar a haɗa, wadda suke kira pull request.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda ake tuntuɓe shi ne tabbatar da cewa kuskuren kuskure ne. Ba'amurke yana rubuta color, Bature ɗan Ingila yana rubuta colour, duka daidai ne. Bi wanda aikin ya saba da shi. Sannan kada hannunka ya kai kan sunan da ke cikin umarnin kwamfuta, ko da ya yi maka kama da tuntuɓen alƙalami. Referer da za ka riƙa gani a harkar HTTP, ƙa'idar da ake bi wajen buɗe shafukan yanar gizo, kuskure ne tun asali, an tsallake harafin r ɗaya, amma haka ya shiga ƙa'idar a 1996. Ka ƙara masa harafin nan a cikin misalin umarni, duk wanda ya kwafa ba zai samu abin da yake nema ba.

Kalmomin naka biyu ka haɗa su a buƙata guda. Masu kula da irin waɗannan ayyuka galibi sa kai suke yi, bayan sun tashi daga nasu aikin. A Oktoban 2020, lokacin Hacktoberfest, gangamin ƙarfafa tura gyara ga buɗaɗɗun manhajoji, mutane sun yi ta tura gyaran banza don samun kyautar riga, har DigitalOcean mai shirya abin ta sauya dokoki. Shi ya sa wasu ke ɗaure fuska da sun ga an sauya waƙafi kawai.

Kafin ka tura, leƙa ƙa'idojin ba da gudummawa na aikin. Python kanta sai ka sa hannu a yarjejeniya take karɓar gyara. In ka ji shiru na mako ɗaya ko biyu, yi haƙuri, kada ka sake tura wata.