Abin kunnena na Bluetooth ya daina riƙe caji, a canza batiri ko a yar?

Ɗan'uwa, ka ce abin kunnen da kake amsa waya da shi minti 20 kawai yake yi ya mutu. Kada ka yar da shi tukuna, yawanci batirin ne ya gaji.

Duba irinsa da farko. Wasu na ofis, kamar Plantronics CS540, an yi su ne don a riƙa canzawa: ka buɗe murfin, ka zare tsohon, ka jona sabo. Ƙananan na kasuwa kuwa an manne su da gam, batirin kuma an liƙa shi da dalma. Irin wannan ka kai wa mai gyaran waya. In kana Kano, 'yan kasuwar waya ta Farm Centre sun saba da aikin.

Inda zan ja kunnenka shi ne wajen zaɓen batirin. Yawanci lithium ne mai 3.7V, kuma lambobi shida da ke jikinsa girmansa ne: 501230 na nufin kauri 5mm, faɗi 12mm, tsawo 30mm. Nemi daidai da naka, don in ya fi kauri murfin zai matse shi. Jar waya a +, baƙa a −. In akwai ta uku, ta lura da zafi ce, a mayar da ita inda take.

In tsohon ya kumbura kamar fanke, daina sa shi a caji yau ɗin nan, kuma kada a tsokane shi da ƙarfe, yana iya kama wuta.