Ƙwayoyin taimakon hanta ga kare da kyanwa: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Karena ɗan shekara tara ne. Gwajin jini ya nuna cewa sinadarin hanta da ake kira ALP ya hau, amma yana cin abinci sosai kuma yana wasa kamar kullum. Na ga ƙwayoyi iri-iri da aka rubuta a jikinsu cewa suna gyara hanta. Wace ce ta fi dacewa in saya?

Amsa: Malam, kafin a zo kan wadda za ka saya, sai an fara gano abin da ya ɗaga sinadarin. Hawan ALP ko ALT, wani sinadarin hanta da shi ma ake aunawa a jini, ba ya nuna yadda hanta take aiki, yana nuna cewa wani abu yana taɓa ta ne kawai, kuma sau da yawa tushen matsalar ba a cikinta yake ba. A jikin kare, magungunan kumburi irin su firedinisolon suna ɗaga ALP, ko da kuwa na ɗiga wa kunne ne ko na shafawa, haka ma fenobabital da ake bayarwa don farfaɗiya, da cutar yawan kotizol (wani sinadari da jiki yake fitarwa) wadda ta fi kama karnukan da suka manyanta. Ka nemi likitan dabbobi ya maimaita gwajin bayan 'yan makonni. Idan bai sauka ba, akwai gwajin asid ɗin matsarmama wanda shi ne yake auna aikin hantar, akwai hoton ciki, wani lokaci har da tsakuro ɗan naman hantar a duba.

Idan likita ya ga ya dace a ƙara wani abu, sinadarai biyu ne suka fi cancanta. Na farko SAMe, wanda jiki yake amfani da shi wajen haɗa gulutatayon, garkuwar da hanta take kare kanta da ita daga guba. Na biyu silibin, wanda shi ne sashe mafi ƙarfi na silimarin da ake tatsowa daga 'ya'yan wani tsiro mai ƙaya, Silybum marianum. Akwai kayayyakin da suka haɗa biyun a ƙwaya ɗaya, kamar Denamarin. Gaskiyar magana ita ce, binciken da aka yi a kan dabbobi marasa lafiya bai taka kara ya karya ba. An fi ba da su ne saboda illarsu kaɗan ce kuma akwai dalilin zaton suna taimakawa, ba don suna warkar da cuta ba.

Wajen saye, ka duba bayan kwalin maimakon gabansa. Dole a rubuta miligiram nawa ne na kowane sinadari, domin ana auna SAMe ne da nauyin dabba, kusan miligiram 20 a kowane kilo a rana. Kwalin da ya ce “haɗin ganyayyaki” ba tare da adadi ba, ka mayar da shi inda ka ɗauko. Hanji ba ya zuƙar silibin da kyau, shi ya sa wanda aka gauraya da wani nau'in kitse da ake kira fosfatidilkolin ya fi garin tsiron zalla. SAMe kuwa danshi yana lalata shi, saboda haka wanda aka rufe kowace ƙwaya daban ya fi, kuma ba a fasa ƙwaya mai rufi ko a daka ta. Ana ba da ita da safe ciki ba komai, kimanin awa ɗaya kafin abinci.

Ba ka faɗi jinsin karen ba. Idan Labarado ne ko Dobaman ko Dalmeshiyan ko Bedilinton, jan ƙarfe yakan taru a hantarsu, don haka ka guji ƙwayoyin bitamin masu ɗauke da shi, ka kuma daina ba shi busasshiyar hanta, wadda take cike da jan ƙarfen. Mutane da dama suna zaton hanta tana gyara hanta, alhali a irin waɗannan karnuka ƙara wa wuta fetur ne.

Tambaya: Kyanwata mai ƙiba ce, yau kwana huɗu ke nan ta ƙi cin komai, kuma cikin kunnuwanta da dasashinta sun yi rawaya. An ce in sayi ruwan silimarin in riƙa ɗiga mata.

Amsa: Hajiya, ki ajiye batun sayayya, ki kai ta wurin likita yau ɗin nan. Idan kyanwa mai ƙiba ta daina ci, jikinta yakan kwashe kitse ya tura hanta fiye da yadda za ta iya sarrafawa, sai ta cushe ta kasa aiki, kuma rawayar da kika gani ciwon shawara ne. Maganin wannan abinci ne mai isasshen furotin, galibi ta siririn bututun da likita zai sa mata na wasu makonni, sannan a binciki abin da ya hana ta ci tun farko. Ɗura ta baki takan sa ta ƙara tsanar abincin. Bitamin B12 da K da sinadaran taurin da kanitin suna da amfani a nan, amma likita ne zai tsara su. Ruwan tsiron da aka ce ki saya sau da yawa a barasa ake jiƙa shi. Kada kuma ki kuskura ki ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Galibin waɗanda aka fara ciyarwa da wuri suna warkewa.

Tambaya: Dabbobina lafiyarsu ƙalau. Zan iya ba su irin ƙwayar taimakon hantar da nake sha don rigakafi?

Amsa: A'a, Malama. Dabbar da take cin cikakken abinci kuma gwajinta bai nuna komai ba, ba ta bukatar ƙari. Na mutane kuma yakan ƙunshi zailitol, mai zaƙin da yake faɗar da sukarin jinin kare ya lalata masa hanta, ko tafarnuwa, ko asid ɗin alfa-lifoyik wanda kyanwa ba ta jure masa. Kuɗin ya fi amfani idan kika kashe shi a kan gwajin jini sau ɗaya a shekara, musamman ga waɗanda suka haura shekara bakwai.